Layi 487 da na kusa binnewa da hannuna

'Yan uwa masu rubuta fom da lissafin bincike da Python, ku zo ku ji abin da ya same ni.

Aikina na digiri na biyu a kan farashin shanu ne a mayankar Oko-Oba, nan Agege. Wata biyu ina bin 'yan kasuwa da takardar tambayoyi, na tara amsa 900 a fayil. Sai na rubuta janareta (ba na wuta ba, na Python) mai miƙo layi ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da farashi lamba da int().

A layi na 414 ya tsaya da ValueError. Ashe wani dattijo cewa ya yi "dubu ɗari bakwai", ni kuma haka na rubuta da haruffa. Ƙarfe biyun dare ne, na gaji, kawai na lulluɓe dukkan zagayen for da try, na sa except da pass. Jan rubutu ya ɓace, na kwanta da murna.

Ranar Litinin malamin da ke duba aikina ya kalli teburin, ya ce, "Ina sauran mutanenka? 413 nake gani." Wallahi sai da gumi ya karyo min.

Ga abin da ban sani ba: idan kuskure ya fito daga cikin janareta, ya mutu ke nan. Ko ka sake kiran next(), StopIteration zai ba ka, kamar ya gama aikinsa lafiya. Shi kuma for da ma wannan alamar yake jira ya tsaya shiru.

Gyaran bai fi layi biyar ba. Na mayar da try cikin janaretan, a kan kowane layi. Na kama ValueError kaɗai, na ajiye lambar layin da abin da ke cikinsa a wani fayil, sannan a ƙarshe na ƙirga: nawa suka shiga, nawa suka fita.

Da na buɗe fayil ɗin, galibi amsoshin dattawa ne, waɗanda suka fi kowa sanin kasuwar. Da na tsallake su, da bincikena ya zama na samari zalla.

Don Allah, kafin ka kai wa malaminka sakamako, ƙirga layukanka. Allah ya ba mu sa'a.