A ƙasar Lautai, kududdufi ne kogin da ba mai auna shi

Ranar da na sauka gidan Goggo, a wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar, ko gaisuwa ba mu gama ba ta riƙo hannun ɗana mai shekara huɗu ta ce, "'Yar nan, wannan kada ya leƙa bayan gari. Ruwa ya kawo." Na yi dariya na ce, "Goggo, wane ruwa kuma a garin da ake shan wahalar guga?" Ba ta tanka mini ba, ta ci gaba da damun furarta.

Duk wadda ta san masarautar Gumel za ta gane dalilin dariyata. Ƙananan hukumominta huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar rairayi ce, ta gero da wake da riɗi da zoɓo. Babu babban kogin da ya ratsa ta. Damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara kuwa sai rana da iska da rijiyoyi masu zurfi. Mu da muka tashi muna zuwa hutu can, idan aka ce ambaliya ko kifewar kwale-kwale, sai mu ɗauka zancen mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja ne.

A hanyarmu ta zuwa daga Kano, cikin watan Agusta, mun tsaya a Gujungu direba ya sha ruwa a mota. Rana tarwai, ko gajimare babu, amma hirar tasha duk ta ruwa ce: ya shiga gonakin shinkafa a ƙauyukan bakin kogi. Wata mata da ke gefena ta ce ikon Allah, kwana uku ba a yi ko yayyafi ba. Ikon Allah ne, amma ruwan yana da hanyar da ya biyo. Kogin Kano daga duwatsun kudancin jihar yake tasowa, wajejen Riruwai, ya ratso dajin Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga yamma kuma Kogin Challawa ne, da tasa madatsar a Ƙaraye tun 1992. Su biyun suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta yankunan Ringim da Taura da Miga da Auyo. Ruwan da aka tafka kan duwatsu yau, sai bayan kwanaki zai iso wa mutumin Jigawa, shi kuwa yana kallon sama garau. Ga kuma kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, idan ya zo da yawa sai ya rasa mafita ya bazu cikin gonaki da gidaje.

Saboda haka ne ake auna kogi. Aikin ba wani abin mamaki ba ne: sandar ƙarfe ce mai zane-zanen santimita, kamar tef ɗin tela, a kafa ta a bakin ruwa ko a jikin ƙafar gada. Mai lura ya zo ya karanta inda ruwa ya tsaya, ya rubuta. Lambar yau ita kaɗai ba ta faɗa maka komai. Sai an jera ta da ta jiya da ta shekaranjiya ake gane ko kogi na hawa ne, da kuma saurin hawansa. Wudil da Haɗeja da Gashuwa duk suna da tsofaffin wuraren awo irin wannan. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da madatsun biyu, hukumar NiHSA kuma kowace shekara tana fitar da hasashen wuraren da ambaliya za ta iya shafa, NiMet ta fitar da na ruwan sama. Ko da haka, a 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, Jigawa kuma na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Awo ba ya tare ruwa, lokaci kawai yake ba mutum ya kwashe yara da hatsi, in har labarin ya iso kunnensa.

Kashegari da hantsi na bi Goggo bayan gari, sai na ga abin da take nufi. Ramin da na sani da rani, inda samari ke haƙar ƙasar gini awaki na kwana a inuwarsa, ya zama tafki guda. Ruwa ja, shiru, ko motsi ba ya yi. 'Yan mata na wanki a gefe, yara maza tsirara suna tsalle suna faɗawa. Irin wannan kududdufi kusan kowane gari yana da shi, daga Gagarawa har bakin iyaka a Maigatari. Wasu ƙasar gini ce ta haife su shekara da shekaru, wasu kuma masu aikin titi ne suka kwashi ƙasa da manyan motoci suka tafi suka bar ramin a buɗe. Waɗannan na biyun su ne mugaye, don bakinsu a tsaye yake kamar bango. Taku ɗaya ruwa na idon sawu, taku na biyu ya shanye namiji da hannunsa a sama.

Nan ba sandar awo, ba ma'aikaci, ba sanarwa a rediyo. Amma Goggo tana da nata ma'aunin. Ta nuna mini wata aduwa a bakin ramin ta ce, "Kin ga saiwar can da ta fito waje? Muddin kina ganinta, babba zai iya tsayawa ya yi wanki. Ran da ta ɓace, ko tunkiya ba na bari ta matso." A ranar saiwar ta ɓace, ruwa har ya ɗan hau gindin itacen. Ta ce sati biyu kafin zuwana wata yarinya 'yar shekara tara ta taka daidai inda ta saba tsayawa, ƙasar ta zabtare da ita. Ƙawayenta suna nan tsaye, sun ɗauka wasa take. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu ne ya miƙa mata sandarsa.

Wannan "sun ɗauka wasa take" ya tsaya mini a rai, domin haka abin yake. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu kamar yadda muke gani a fim. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, numfashin da zai yi kira da shi ma babu. Cikin 'yan mintuna an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Irin waɗannan ƙananan ba sai kududdufi ba: bahon wanki, randa marar murfi, rijiyar tsakar gida, ramin shadda da ruwan sama ya cika, duk sun isa.

Ranar Alhamis muka je kasuwar Maigatari. Shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, buhunan riɗi, kanwa, hayaniya ba a magana. Ni kuwa da zancen Goggo a kaina, abin da nake lissafawa daban ne: duk namijin da ke nan ya baro gida, mata da yawa sun tashi tun asuba suna suyar abin sayarwa, to wa ke tare da yara? Yawanci yayarsu ce, ita ma ba ta wuce shekara takwas ba, ga goyo ga talla. A Bangaladash, ƙasar da ruwa ke cin yara ƙwarai, an lura cewa abin ya fi faruwa daga hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa ke tsakiyar aiki. Sai aka riƙa tara ƙananan yaran unguwa a ɗaki guda, mace ɗaya ko biyu na lura da su na waɗannan sa'o'i, mutuwar kuma ta ragu sosai. Ban ga abin da zai hana matan layi ɗaya su yi karɓa-karɓar wannan a watan Agusta da Satumba ba. Adashi ma muna iyawa, shi da ya haɗa da kuɗi.

Abu biyu na roƙi matan gidan Goggo su riƙe, ke ma uwargida ki riƙe. Wadda ba ta iya ruwa ba kada ta faɗa don ceto, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa gora ko zani, ko a jefa jarka marar komai da murfinta a ɗaure. In an fito da yaro, a bar al'adar nan ta juya shi ƙafa sama ko danna masa ciki wai ruwa ya fita, ɓata lokaci ne kuma amai na iya shaƙe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba huhunsa. Yaron da ya saba wanka a kududdufi kuma, in aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce, ba balaga ba, maganinta na asibiti.

Kafin in taho na sayi ɗan gwangwanin jan fenti a Gumel, muka sa ɗan maƙwabta ya zana layi a jikin aduwar, daidai inda ruwa ya tsaya, don yara su ma su riƙa gani da idonsu. Goggo ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu. Ta ce, "To, na Kano sun kawo boko." Da na kira ta bayan kwana biyar, an yi ruwa da daddare, ta ce layin ya nutse da kamu guda, kuma ta sa mai unguwa ya hana wanki a wajen har sai ya sake bayyana.