Ciwon Da Fenti Ba Ya Rufewa

Daga Aziziyya muke rubuto muku, watau unguwar nan ta Makka da ke maƙwabtaka da Mina, inda alhazai ke sauka da yawa.

Mu malamai biyu ne. Da safe mu karantar da yara, da la'asar kuwa mu yi jigilar katifu zuwa masaukan alhazai da wata a-kori-kura, Toyota Hilux, wadda Larabawa ke kira wanet. Motar ba tamu ba ce, ta wani dattijo ce da kakansa ya zo daga Kano a ƙasa. Amana ya ba mu.

Ran nan, cikin watan Shawwal 1444, watau shekarar 2023, sai wata mota ta kutso ta buge mu ta gaban dama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Da muka sami takardar izinin gyara, domin a nan gareji ba ya taɓa motar da ta yi karo sai da ita, muka nufi wurin bakanike. Mu a ganinmu fitila ce da bamba kaɗai suka lalace.

Bakaniken ya ja motar kaɗan, ya ce, "Malamai, ba ku ga sitiyari ya karkace ba, tana kuma fizga dama? Ciwonta a ƙafa yake." Ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya, ya tarar ɓangaren dama ya gaza na hagu da santimita 2. Ya ɗaga ta, ya fara duba shasi, ya ga lafiya lau. Sa'an nan ya nuna mana hannun ƙasa da ke riƙe taya ya tanƙware, tayarod ma haka, shokozoba na yoyon mai. Ya ce a sa sababbi, shokozoba kuwa a sake dama da hagu tare, daga bisani a daidaita tayoyi a na'ura. Riyal 1,800.

Muka ce, "Haba Usta, a gasa ƙarfen a miƙe shi mana, a shafa fenti." Ya ce, "Ƙarfen da aka gasa ƙarfinsa ya ragu. Ran da ya karye kuna gudu, sitiyari ba zai ji maganarku ba."

To, ba za mu ɓoye muku ba, mun kwana muna shawarar kai ta inda za a rufa mana asiri da riyal 300, mai mota bai sani ba. Da gari ya waye, sai ga darasinmu ya faɗo kan babin ciniki na Risala, inda aka hana ɓoye aibi. Muna fassara wa yara, kunya na cinmu. Ashe laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wani.

Bayan azahar muka je muka gaya wa dattijo kome. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ku biya rabi, in biya rabi. Jikokina na shiga motar nan." Wata uku muna biyan bashin.

Samari masu tuƙi, in kun yi karo, ku sa a duba ƙasan mota kafin fuskarta. Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalam.