Kuɗin sun shigo, amma babu su a bulokcen

Wata Asabar wani kwastoma ya kawo waya na canja masa sikirin. Da aka zo biya ya ce ba naira a hannunsa, ko zan karɓi USDT? Na ce turo. Manhajar musayar kiripto ɗaya muke amfani da ita, sai kawai na ba shi lambar asusuna. Kafin in mayar da sukundireba cikin akwati kuɗi sun shigo, ko sisi ba a cire ba.

Da daddare na shiga Tronscan in ga shaidar cinikin. Wayam! Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka alat ɗin bogi aka yi min.

Ashe kuɗin ba su taɓa hawa bulokcen ba. Kamfanin ne ya rage a shafinsa ya ƙara a nawa, cikin littafinsa na kansa. Shi ya sa ba jira, ba caji.

Kada ka ce baƙon abu ne, ɗan uwa. Mu masu gyara kullum haka muke yi da mai sayar da kayan waya: in karɓi batir da safe, sikirin da rana, in mayar da wanda bai yi ba, yana rubutawa. Sai magariba mu yi lissafi sau ɗaya. Kusan haka Lightning Network yake a kan Bitcoin, wanda Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka fito da tsarinsa a 2015. Shi Bitcoin sai kamar minti 10 yake rufe shafi guda. A Lightning mutum biyu za su kulle kuɗi, su yi ta mu'amala a gefe, buɗewa da rufewa ne kawai ke hawa bulokcen.

Amma fa akwai bambanci. A Lightning, in walat ɗin irin wanda makullinsa ke hannunka ne, kana iya rufewa ka kwashi naka. A manhajar kamfani kuwa, littafin nasu ne. Da FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022, mutane na kallon kuɗinsu a fuskar waya amma ba halin cirewa.

Ni yanzu kuɗin cefane kawai nake bari a can, sauran na kwashe zuwa walat ɗina, na biya cajin ba na jin ciwo. Kuma don Allah, in za ka kawo min waya filashin, ka fara rubuta kalmomin sirrin walat ɗinka a takarda. Kada ka nuna min su, ni ma.