Ɗan Fari a Bakin Bahar Maliya

Bahaushe ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a bainar jama'a, ba ya ma yarda a gane ya damu da shi. Wannan alkunya kakanninmu suka ɗauko tun daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka ratso Barno da Wadai da Darfur da ita, suka sauke ta a nan Gadarif tare da buhunan gero da allunan karatu. Larabci ya shiga bakin 'ya'yanmu, jabana ta zauna kusa da kunu, amma ita tana nan daram. A lokacin zaman lafiya ado ce. Sai ranar da yaro ya hau mota zuwa Bur Sudan domin horon sojan ruwa, a ƙasar da ke cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, sannan iyaye ke sanin nauyinta.

Samari huɗu ne suka tafi daga unguwarmu bayan girbin dawa, a farkon 2025. Uku daga cikinsu 'ya'yan fari ne, har da nawa. Ni ban raka shi tasha ba, ƙanina ne ya kai shi. Mahaifiyarsa kuwa ta shige madafa tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Ba wanda ya ga laifinmu, domin haka aka saba.

Mu mutanen baƙar laka ne, masu riɗi da dawa. Ruwan da yaranmu suka sani shi ne na hafir da na kwazazzabai lokacin damina. Duk da haka wannan teku ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Ita kakanninmu suka nufa da ƙafa, su isa Sawakin su tsallaka Jidda. Wasu sun tsaya neman guzuri a gonaki, shekara ta zama goma, goma ta zama zuriya. Wasu kuma sun biyo hijirar da ta faru bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Ga shi yau jikokinsu sun isa gaɓar da suka yi ta mafarki, sai dai da kaki a jiki maimakon harami. Tsakaninmu da su akwai tafiyar fiye da kilomita 700, ta Kasala da Hayya, kuma da shigarsu sansani aka karɓe musu wayoyi.

A nan ne matan unguwa suka yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tunda uwa ba za ta buɗi baki ta ce tana kewar ɗanta ba, sai kowacce ta ɗauki ɗan 'yar'uwarta ta mayar da shi nata. Maƙwabciyarmu takan shigo da hantsi ta ce, “Yaya, jiya na kasa barci saboda yaronki. Anya ya iya iyo kuwa?” Maiɗakina sai ta ce, “Kai Hajiya, ƙyale shi, ai ƙato ne. Ni naki nake tunani, da ba ya jure yunwa.” A haka kowacce za ta zubar da hawayenta a kan ɗan wata, ta kuma ji an ambaci sunan nata da bakin da ya halatta ya ambata. Ba su karya al'ada ba, kuma ba su bar ta ta shaƙe su ba. Ban san wani malami da ya koya musu wannan dabara ba.

Daga baya abin ya wuce baki. Sun kafa adashe, wanda a nan muke ce wa sanduƙ, ba don biki ko kayan ɗaki ba, sai don a riƙa tura ɗan abin kashewa ta Bankak idan dama ta samu, a kuma yi ƙullin ƙuli-ƙuli da kantun riɗi a ba direban da ke bin hanyar. Suka yi wata doka guda: duk yaron da ya sami aron waya ya kira gida, sai ya fara ba da labarin sauran ukun kafin nasa.

Mu maza ba mu kai su ba, gaskiya ɗaya ce. A majalisarmu ta bayan la'asar sai mu yi ta musu a kan farashin riɗi a kasuwar amfanin gona, da labarin Madani, wadda ta faɗi a Disambar 2023 sojoji suka karɓo ta a Janairun 2025. Kowa ya san abin da ke cin kowa, labarin zuciya a tambayi fuska, amma sai a kewaye. Kuma ba kanmu ɗaya ba a kan tafiyar yaran. Ɗaya daga cikinmu yana ganin ɗan Bahaushe cikin kakin ƙasa amsa ce ga masu yi mana kallon baƙi, musamman bayan rikicin jihar Nilu ta Shuɗi na Yulin 2022. Wani dattijo kuwa cewa yake wanda kakansa ya nome wannan ƙasa ba ya bukatar biyan kuɗin zama da jinin ɗansa. Raina ya fi karkata ga maganar dattijon, ko da yake ɗana ya zaɓi hanyarsa da yardata.

A farkon Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka far wa Bur Sudan kwanaki a jere, har aka ambaci sansanin sojan ruwa na Filamingo cikin wuraren da aka kai wa hari. Kwana uku ba mu ji ɗuriyar kowa ba. A dare na biyu, bayan isha'i, dattijon nan da muke saɓani da shi ya zo ƙofar gidana da darduma a hammata. Bai yi mini jaje ba, bai tambaye ni komai ba. Cewa ya yi, “Malam, zo mu sauke wa yaran unguwa Yasin.” Sauran biyun suka same mu a nan. Da aka zo addu'a, kowa ya kira sunan ɗan wanda ke damansa, da ƙarfi, har da sunan uba. Wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da na ji an ɗaga sunan yaron a gabana ban sunkuyar da kai ba.

Kira ya shigo a rana ta huɗu, wayar Hajiya ce ta yi ƙara. Ɗanta ya bi doka: ya lissafa ukun, ya ce suna lafiya, sannan ya ce shi ma haka. Ita ce ta fito ba mayafin kirki ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Da ranar yaye su ta ƙarato, kuɗin sanduƙ ya isa kujerar mutum biyu kacal zuwa Bur Sudan. An daɗe ana “ke ki je”, “a'a, ke dai”. A ƙarshe Hajiya ta tafi, ita da nata ba na fari ba ne, tare da ƙanina, ɗauke da ƙulli huɗu.