Uwar Garken Shagonmu da Bashin Manoma

Rabin dukiyar gidanmu ba ta cikin rumbu, ba ta kuma cikin banki. Tana hannun mutane. Maigidana yana sayar da taki, iri da maganin feshi a Gummi, kuma yawancin manoma da bashi suke ɗauka farkon damina, su biya da kaka, wani da kuɗi, wani da buhun shinkafa ko gero. Akwai ƙaninsa da ke riƙe da wani shagon a Anka, akwai kuma masu sari daga ƙauyukan Bukkuyum. Ni ce mai rubuta wa ya ɗauki me, wa ya biya nawa. Idan wannan lissafin ya ɓace, babu alƙalin da zai dawo mana da shi, kuma kuɗin makarantar yara daga cikinsa yake fitowa.

Shi ya sa da aka zo maganar sayen kwamfuta guda da za ta riƙe lissafin duka, wayoyinmu da kwamfutar kan tebur su riƙa shiga cikinta, ban yarda an bar ni a baya ba. Irin wannan kwamfutar ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Sunan na biyu ya fi yi mini, domin duk wadda ta taɓa kiwo ta san idan uwar garke ta yi gabas, sauran ba sa yin yamma.

Babban yaron gidanmu (ku yi haƙuri, ɗan fari ne, ba zan kama suna ba) shi ya karanta kwamfuta, shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Inna, ƙarfen ba shi ne abin dubawa ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da shi ita ce magana." Ya nuna mini wayar da ke hannuna, ya ce tata sunanta Android, ita ke buɗe WhatsApp, ita ke tsare hotuna, ita ke hana wani shiga. Uwar garke ma tana da tata, kuma zaɓin da ke gabanmu biyu ne: Windows na kamfanin Microsoft, ko ɗaya daga cikin dangin Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Ashe ita kanta Android a kan Linux aka gina ta.

Tambayata ta farko ba ta ilimi ba ce. Na ce, idan aka ɗauke sabis fa? Duk wadda ke Zamfara a watan Satumba na 2021 ta san dalili. Hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin rufe layukan waya a faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, aka ce mako biyu, aka ƙara. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu na ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba aka yi maganarmu. Mutum sai ya yi tafiya ya fita daga jihar kafin ya gaisa da ɗansa. Saboda haka da wani ya ba mu shawarar mu yi hayar uwar garke a intanet, wadda ke zaune a Legas ko Turai, na ce a'a. Ga ɗan kasuwar Kano wannan shawara ce mai kyau. Mu kuwa muna son lissafinmu ya buɗu a cikin shago ko da duniya ta manta da mu. Na Anka ya riƙa rubuta nasa, ya turo idan sabis ya samu.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so ku riƙe, 'yan uwa. Kowace babbar manhaja tana da ranar yaye. Masu ita suna toshe ɓarakar da aka gano a jikinta na wasu shekaru, daga nan su cire hannu. Windows 7 an yaye ta a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa lafiya lau, ba za ki ga alamar komai ba, amma ta zama gida mai karyayyen ƙyaure wanda kafinta ya daina zuwa.

Abin da ke shigowa ta wannan ƙofar, mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko da yake ba na haɗa ran mutum da takarda. Garkuwa ake yi da bayanai. A kulle miki komai, a rubuto cewa sai kin biya fansa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta yi haka a ƙasashe sama da 150, tana neman dala 300 a kan kowace kwamfuta. A Ingila asibitoci sai da suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ta riga ta fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba.

Wani mai gyara ya ce zai zuba mana Windows "kyauta", wato wadda aka fasa makullinta. Na gode masa, na ba shi ruwa, ya tafi. Wanda ya fasa makulli don ki shiga, ba ki san wa ya bar wa hanya ta baya ba. Windows ta gaskiya ba ta da laifi, kuma Windows Server 2022 za a kula da ita har 2031. Sai dai lasisinta da farashin dala yake tafiya, kuma kun san yadda naira take.

Muka tsaya a kan Ubuntu, 'yar dangin Linux. Ba a biyan ko kwabo, duk shekara biyu a watan Afrilu ake fitar da wadda ake kula da ita shekara biyar, ta 2024 za ta kai mu 2029. Ba ta da cin wuta ko neman babbar kwamfuta, abin da ke da muhimmanci ga mai dogaro da sola.

Amma kada wata ta karanta wannan ta je ta tayar wa maigida hankali cewa sai Ubuntu. Mu mun zaɓe ta ne don muna da mai iya ta a gida. Yawancin masu gyaran da ke kusa da mu Windows suka sani, kuma hanyar Gusau ko Sakkwato ba hanya ba ce da za ki so ɗora wa mutum don kwamfuta ta ƙi tashi. Idan manhajar lissafinku a kan Windows kaɗai take aiki, ko mai gyaranku ita ya iya, ku sayi ta gaskiya ku huta. Manhajar da babu mai kula da ita, ko daga ina ta zo, matsala ce.

Kuma babu wadda ta fi ƙarfin ruwa. Ambaliyar da ta shiga Gummi a Agustan 2024 ba ta tambayi kowa wace manhaja yake amfani da ita ba. Saboda haka duk Alhamis da yamma ana kwafe komai a faifai biyu, ɗaya ya kwana a shago, ɗaya a ƙasan adakata, kuma duk ƙarshen wata ana buga sunayen masu bashi a takarda. Na sa an gwada dawo da lissafin daga faifan a gabana, don in ga da idona cewa ba fanko muke ajiyewa ba.

Gardamar da ta fi tsawo a kan kalmar sirri aka yi ta. Yaron ya so ya riƙe babbar shi kaɗai. Na ce masa, "Kai da za ka tafi bautar ƙasa, wa ya san jihar da za a tura ka?" Yanzu kowane yaron shago yana da tasa, wadda ke ba shi damar rubuta ciniki amma ba goge bashi ba. Babbar kuwa mutum uku ne suka san ta: shi, mahaifinsa, da ni. Ƙanwarsa da ke aji biyar a sakandare ta fara zama kusa da shi ranar Asabar idan yana sabuntawa, tana rubuta matakan a bayan littafinta na lissafi.