Garin da Aka Ba Amarya Kyauta

'Yan uwana mata, in ana hirar lefe kowacce akwatuna take ƙirgawa. To ni dai na je na ga inda aka ba amarya gari sukutum, har da ganuwarsa da fadarsa.

Obidos sunan garin, a ƙasar Fotugal. Daga Lisbon tafiyar awa guda muka yi a bas, ni da maigidana. Tun daga nesa muka hango ganuwar dutse ta zagaye gari a kan tudu, fadar kuwa na can ƙarshe tana leƙen kowa. Musulmi ne ke riƙe da wurin a da, sai a 1148 Sarki Afonso na farko ya ƙwace shi. A 1282 Sarki Dinis ya auri Isabel, 'yar sarkin Aragon, yarinya da ba ta fi shekara 12 ba, ya danƙa mata garin kyautar aure. Haka ya zauna a hannun matan sarakuna, su ke cin harajinsa, har zuwa 1834.

Gidajen ciki farare tas, an ja musu layin shuɗi da rawaya, ga furanni sun lulluɓe bango. Fadar kanta otal ce yanzu. Amma ku yi hattara, abin nan ja da suke miƙowa a ɗan kofin cakulan giya ce, ko kusa kada ku karɓa.

Ana hawa ganuwar a zagaya, tsawonta kusan kilomita ɗaya da rabi. Wallahi ban san ta gefen gari ba a sa ƙarfen dafawa ba sai da na hau! Hanya 'yar siririya, iska na fizgar mayafina, gabana na dukan uku-uku. Na cire takalmi na riƙe a hannu, ina bin bango kamar ƙadangaruwa.

A can sama na zauna ina huci, ina tunanin Isabel. Mutumin nan da ya ba ta gari, shi ne ya yi ta haihuwar 'ya'ya a waje, tana ji tana gani. Da ɗanta Afonso ya ɗauki makami zai yaƙi ubansa, ita ce a 1323 ta hau alfadari ta shiga tsakanin rundunonin biyu ta hana su gwabzawa.

Maigidana ya ɗago murya daga ƙasa, wai in sauko bas zai tafi ya bar mu. Na ce Alhaji, sai dai ka hawo ka riƙe ni.