Wijk aan Zee: Inda Hadda Ke Ƙarewa

Wijk aan Zee ƙauye ne a gaɓar Tekun Arewa a ƙasar Holan, mazaunansa ba su kai 3,000 ba. Ta wannan gefe tuddan rairayi, ta wancan hayaƙin masana'antar ƙarfe ta Tata Steel. A watan Janairu, sa'ad da iskar hunturu ta kori kowa daga bakin teku, sai garin ya cika da 'yan darar Turawa, wadda ake kira ces. Masana'antar ce ta assasa gasar a Beverwijk a 1938, aka maido ta nan a 1968.

A zauren De Moriaan manyan gwanaye 14 suna fafatawa a gefe guda, ɗaruruwan 'yan kulob kuma suna tasu ƙarƙashin rufi ɗaya. Wajen waɗannan na fi daɗewa, domin ba da wasa suka zo ba: wanda ya lashe rukuninsa zai hau na sama baɗi.

Dube su a farkon karawa. Hannu na gudu, kai bai fara aiki ba, hadda ce tsagwaronta. Mai baƙaƙe ya ɗauko kariyar Sisiliya salon Najdorf, a taku na biyar ya tura dakaren gefe gida ɗaya, takun da baƙo zai raina, alhali an cika littattafai a kansa. Haka za su yi ta zuba har wajen taku na goma sha biyar. Sai ka ga mutum ya zabga tagumi, agogo na cin rabonsa. A ganina kwamfuta ta miƙa wa ɗan kulob takobin da ya fi ƙarfin damtsensa: ya san takun da inji ya zaɓa, bai san dalili ba. Abokin karawa mai wayo kan kauce wa littafi da gangan, ko da takun nasa ba shi ne mafi kyau ba, ya bar shi a dawa.

A garin nan ne Kasparov ya kara da Topalov a 1999. Buɗin wasan, kariyar Pirc, ba kowa ke maganarsa ba. Abin da ake tunawa shi ne taku na 24, inda Kasparov ya sadaukar da hasumiyarsa, ya koro sarkin Topalov tun daga wancan gefen allo har layin ƙarshe na wannan.

Ranar rufewa akan raba miyar koren wake, al'adar da ta samo asali daga ƙarancin abinci na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Musulmi dai ya tambaya kafin ya sa cokali, don mutanen Holan da naman alade suka saba dafa ta.